Mai duba makarantu ya yi min faɗa a gaban yara, ina neman shawara

Malamar aji uku:
Assalamu alaikum 'yan uwa malamai. Shekarata biyu ina koyarwa a wata firamare ta ƙauye. Ranar Talata masu duba makarantu suka zo daga ofishin ilimi na ƙaramar hukuma. Wanda ya shigo ajina ko minti goma bai yi ba. Ya karɓi rajista da littafin shirin darasi, ya ga kwana biyu ban rubuta komai ba, sai ya hau ni da faɗa a gaban yara, ya fice. Yaran nan sun haura casa'in, rabinsu a ƙasa suke zaune, amma bai ce ko ɗaya ya karanta masa "ba, be, bi" ba. Wallahi har yau raina a ɓace yake. In kai ƙara wurin hedimasta, ko in haɗiye?

Tsohon hedimasta:
Wa alaikumussalam 'yata. Faɗa a gaban ɗalibai kuskure ne, domin gobe ke ce za ki tsaya gabansu. Amma shirin darasi ba ƙawa ba ne, ki cike gibin nan tukuna kafin ki buɗe baki. Sannan ki sami hedimasta a ofis, ba da sunan ƙara ba. Ki roƙe shi in sun dawo, a sa mutumin ya zauna ya ga darasi guda daga farko har ƙarshe, ya rubuta gyaransa a littafin baƙi.

Malami daga Kaduna:
Mu nan tun 2017 da gwamnati ta sallami malamai fiye da 21,000 bayan jarrabawar gwaji, da an ga baƙuwar mota a bakin makaranta gaba ke faɗuwa. To wa zai ce wa mai dubawa "lissafin ɓangare yana ba ni wahala, koya min"? Kowa ɓoye rauninsa yake yi.

Mai dubawa:
Malama, ki yi haƙuri da abin da abokin aikinmu ya yi. Sau da yawa makarantu da dama ake ɗora wa mutum ɗaya, man babur ma daga aljihunsa, shi ya sa ake duba takarda a wuce. Manufar ilimi ta ƙasa ta ce malami ɗaya yara 35. Ki sa hedimasta ya rubuta yawan ajinki a rahoton da za a kai SUBEB, wato hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha.

Malamar aji uku:
Na gode Baba, na gode kowa. Yau da dare zan cike littafin, jibi in ga hedimasta.