Awa nawa jirgi ke yi daga Kano zuwa Jidda?

Ɗan Fagge: Assalamu alaikum. Mahaifiyata za ta tafi Umara, kuma tana fama da ciwon gwiwa, shi ya sa nake so in san tsawon zaman da za ta yi a kujera. Tikitinta ya nuna kusan awa 7 tsakanin tashi da sauka, abin da ya tayar mini da hankali.

Malamin Makaranta: Wa alaikumus salam. Daga filin jirgin Malam Aminu Kano zuwa na Sarki Abdul'aziz kimanin kilomita 3,400 ne a miƙe, tafiyar awa 5 ko ƙasa da haka. Agogon Saudiyya yana gaban namu da awa 2, kuma a tikiti kowane gari da agogonsa ake rubutawa, don haka ka cire su daga lissafinka.

Hajiyar Damagaram: Gaskiya ne, Malam, amma da yaƙin Sudan ya ɓarke a Afrilun 2023 aka rufe sararin samaniyarta, jirage sun riƙa kewayawa, tafiyar ta ƙara tsawo. Ɗana, ka tambayi kamfanin hanyar da za su bi, sannan ka nema wa Mama kujerar bakin hanya da keken guragu tun kafin ranar tashi.