Wace dabarar faɗa ce ba ta ba ka kunya a gwaji?

Bahago:
Sallama gare ku 'yan atisaye,
Wace dabara kuka fi riƙewa?

Ni naushin hannun gaba nake so,
Miƙaƙƙe, mai saurin dawowa.

Shi ke auna mini tazara,
Ya hana abokin gwaji matsowa.

Larry Holmes da shi ya riƙe kambun damben boksin,
Daga 1978, shekara bakwai bai yarda da sakewa.

In hannu ya yi nauyi a turmi na uku,
Shi kaɗai ne ke iya fitowa.

Mai Ƙwauri:
Yaya Bahago, hannu gajere ne,
Ƙafa ta fi shi nisan zuwa.

Turin ƙafa irin na 'yan Muay Thai, damben Thailand,
A ciki yake sauka, numfashi na yankewa.

In ka nace, ƙwauri ya sami cinya,
Tun kafin ƙararrawa kana ɗingisawa.

Bahago:
Ƙanena, ƙafarka ɗaya na sama,
In na cafke diddigen, ina batun tsayuwa?

'Yar Judo:
Ku biyun kuna faɗa daga nesa,
Ni sai na ji kwalar riga nake farawa.

Tun 1882 Kano Jigoro, wanda ya kafa judo, ya koyar a Tokyo:
A fara karkata mutum kafin kayarwa.

In ja shi, nauyinsa ya koma diddige,
Ƙirji da ƙirji muna haɗuwa,

Sai in share ƙafar ta waje, osoto-gari,
Tabarma ce kawai ke amsawa.

Wanda ya share bai karkata abokinsa ba,
Shi ne zai riga shi faɗuwa.

Yamashita, ɗan judon Japan, da ita ya yi suna,
Zinarensa na Olamfik 1984 ba a mantawa.

Mai Shaƙa:
Yaya, kin kayar, to sai me?
A ƙasa ne nawa aikin ke somawa.

In zaga baya, in saƙala ƙafafu,
Hannu ƙarƙashin haɓa na zurawa.

Royce Gracie na Brazil a gasar faɗa a Denver, 1993,
Da wannan ya sa ƙato sallamawa.

Amma a gwaji, da aboki ya taɓa ni sau biyu, alamar ya sallama,
Nan take hannuna ke kwancewa.

Malam Koci:
Yara, duk na ji, ku sauke haɓa,
Ba wanda ya ambaci karewa!

Ali a Kinshasa, 1974, ya jingina da igiya,
Foreman na duka, ƙarfi na ƙarewa,

Sai a turmi na takwas ya sauke shi.
Kada ku kwaikwaya, kai ba ya jurewa.

Kai kuma Mai Ƙwauri, rage ƙarfin shuri,
Abokan gwajinka sun fara gudowa.

Mai Ƙwauri:
Na ji Malam, zan ɗaura kariyar ƙwauri,
Rabin ƙarfi zan dinga sakawa.

Amma Yaya ya zo da robar haƙori,
Mai sunkuyo kama ƙafa, da gwiwa yake gamuwa.