Magajin garin Landan: zaɓe ne ko sarautar attajirai?

Baban Khalifa: Salamu alaikum jama'a. Jiya a majalisarmu wani ya rantse cewa kujerar magajin garin Landan da Sadiq Khan yake kai ta haura shekara 800, wai kuma ko Sarkin Ingila ba ya shiga gari sai ya tsaya a ƙofa ya nemi izinin magajin gari. Na ce ashe ke nan Musulmi ne ke ba Sarki Charles izini. Ni dai abin ya yi mini daɗi.

Kawu na Landan: Wa alaikumus salam. Ɗana, mutumin nan ya sa maka mutum biyu a riga ɗaya. Kujerar Sadiq Khan jaririya ce, a 2000 aka ƙirƙiro ta. Ken Livingstone ya fara hawa, Boris Johnson ya karɓa a 2008, Sadiq Khan kuma a 2016. Tsohuwar ita ce ta Lord Mayor, kuma ikonsa bai wuce tsohon cikin gari da ake kira City ba, inda bankuna suke, wurin da bai cika murabba'in kilomita 3 ba. Mu ne muke kiran su duka magajin gari, shi ya sa ake ruɗewa.

Malamin Tarihi: Haka ne, Kawu. Na farko a tsohuwar kujerar sunansa Henry Fitz-Ailwin, ya hau wajen 1189 bai sauka ba sai da ya mutu a 1212. A 1215 Sarki John, da ya ga manyan ƙasa sun juya masa baya yana neman goyon bayan 'yan birni, ya ba su takardar ikon zaɓen shugabansu duk shekara. Sharaɗin da ya gindaya shi ne wanda aka zaɓa ya je ya yi rantsuwar biyayya. Zancen izini kuwa juya shi aka yi. In sarki ya zo shiga a wani babban biki, Lord Mayor ne ke tarbar sa a Temple Bar, wato tsohuwar mashigar City, ya miƙa masa takobi, sarki ya taɓa ya mayar. Mubaya'a ce wannan. Ka taɓa ganin hakimi ya ba sarki izinin shiga ƙasarsa?

Baban Khalifa: Kash, kun ɓata mini labari.

Maman Ilham: Malam, ni kalmar zaɓen nan ce ba ta kwanta mini ba. Wa ke zaɓen? Talakan gari ba ya jefa ƙuri'a a ciki. 'Yan tsoffin ƙungiyoyin sana'a ne, masu sayar da kifi, maƙeran zinariya, dillalan yadi, suke taruwa a Guildhall, babban zauren taron City, ranar 29 ga Satumba su fitar da mutum biyu, sai majalisar dattawan unguwanni ta ɗauki ɗaya. Kuma ba ka ma shiga layi sai kana cikin dattawan nan, ka kuma taɓa riƙe muƙamin Sheriff, wato jami'in shari'a na City. Kamar a ce Sarkin Pawa da Sarkin Maƙera da Sarkin Kasuwa su shiga zaure su fito mana da ɗayansu. A wurinmu sunan wannan naɗi.

Malamin Tarihi: Hajiya, wane naɗi kika sani da ake sauka bayan wata goma sha biyu a koma shago? Ba gado, ba gidan sarauta. Ki kuma auna shi da zamaninsa. A 1215 ina aka taɓa jin ɗan kasuwa ya zauna cikin mutum 25 da aka ɗora wa sa ido a kan sarki ya cika alkawarin Magna Carta, yarjejeniyar da ta taƙaita ikon sarki? Magajin garin Landan yana cikinsu.

Maman Ilham: Na ji. To a 1381 da talakawa suka yi bore a kan harajin kai suka shigo Landan, wa ya kai wa shugabansu Wat Tyler sara a Smithfield a gaban Sarki Richard na Biyu? Magajin gari ne, William Walworth, attajirin kifi. Sarki ya ba shi muƙamin jarumi a ranar. In wakilin jama'a ne, da wace jama'ar ya tsaya?

Ɗan Jarida: Anti, ki bar ni in rama wa kujerar ko da sau ɗaya, don ta yi wa sana'armu rana. A 1771 majalisar dokoki ta aika a kamo wani mai ɗab'i saboda ya buga muhawarar da 'yan majalisa suka yi, abin da aka haramta a lokacin. Lord Mayor Brass Crosby ya saki mutumin, ya ce ba a kama ɗan City haka kawai. Majalisa ta tura shi kansa kurkukun Hasumiyar Landan. Bayan wannan rikici majalisa ba ta sake iya hana buga muhawararta ba. Wanda ya yarda ya kwana a kurkuku don mai ɗab'i ai ba rawani kaɗai ya ɗaura ba.

Malamin Tarihi: Ƙara da wannan. Da kujerar ado ce, me ya sa Sarki Charles na Biyu ya wahalar da kansa har kotu ta ƙwace takardar 'yancin birnin a 1683, sarki ya koma naɗa wanda yake so? Sai a 1688 aka mayar musu. Sarki ba ya kokawa da abin da ba ya tsoro.

Maman Ilham: Tsoron kuɗinsu yake yi, Malam, ba tsoron ƙuri'a ba. Ku dubi Richard Whittington da ake yi wa yaran Ingila tatsuniyarsa, wai maraya ne matalauci da kyanwarsa ta jawo masa arziki. Ɗan babban gida ne, dillalin yadi mai ba sarakuna rance, kuma hawansa na farko a 1397 sarki ne ya naɗa shi da mai kujerar ya mutu. Na yarda ya bar dukiyarsa sadaka, har yau ana cin moriyarta. Amma wa ya hana mai kuɗi kyauta? Sannan ku ƙirga mini mata. Ta farko Mary Donaldson ce a 1983, sai Fiona Woolf a 2013, sai Susan Langley a 2025. Uku cikin mutum kusan 700.

Kawu na Landan: A nan kam 'yata ta kama ku. Ni da nake shiga City aiki, a ƙidayar 2021 mazaunansa ba su kai dubu goma ba, masu shigowa da safe su fita da yamma sun haura rabin miliyan. Shi ya sa har yau kamfanoni ke da ikon ba ma'aikatansu ƙuri'a a zaɓen unguwannin City, abin da aka soke a sauran ƙasar. Kujerar ba ta da albashi, wanda ya hau ma shi ke kashe nasa. Aikinsa yanzu yawo ƙasashe yana tallan bankuna da kamfanonin inshora, ya dawo ya kwana a Mansion House, gidan da ake ba mai kujerar. Bas da jirgin ƙarƙashin ƙasa kuwa, wannan ciwon kan Sadiq Khan ne.

Malamin Tarihi: Kawu, yau kake faɗa, ni jiya nake karewa. Da can shi ne alƙali, shi ne mai kula da awo da farashin burodi. Ko gobarar 1666 ai Lord Mayor Thomas Bludworth aka tasa cikin dare, ya raina wutar ya ƙi ba da umarnin rushe gidaje a tare ta, ta cinye gidaje sama da 13,000. Da ba shi da iko, da ba a riƙe shi da laifi har yau ba.

Maman Ilham: Iko daban, zaɓe daban. Ban ce ba shi da iko ba.

Baban Khalifa: To ni me zan je in gaya wa 'yan majalisarmu? Na riga na yi musu alkawarin hujja.

Kawu na Landan: Ka ce musu tafiyar rantsuwar nan ta 1215 har yau ana yin ta, duk watan Nuwamba ranar Asabar, a keken doki mai ruwan zinariya da aka ƙera a 1757. In Allah ya kawo ka zan kai ka ka gani da idonka. Ka dai taho da lema da rigar sanyi.