Wai kwamfuta ta kashe waƙar Hausa? Muhawara a zauren hira ta waya na 'yan Tudun Wadar Kaduna

Kawu Ɗanlami: Assalamu alaikum. Yanzu na shigo daga bikin ɗan wani aminina a Unguwar Sanusi, kuma akwai abin da ke ci mini rai. Daga la'asar har aka kira magariba ban ga fata ko ɗaya ba. Ba kalangu, ba ganga, ko ƙwaryar mata babu. Wani yaro ne ya kafa kwamfuta a kan tebur da manyan sifiku biyu, yana dannawa mutane na tsalle. Ya sa waƙa ta kai goma, amma murya ɗaya na ji, kamar an toshe wa mutum hanci. Ni dai na yanke hukunci: tun ranar da fiyano da kwamfuta suka shiga situdiyo waƙar Hausa ta mutu. Abin da ya rage ƙara ce kawai. Mai ja ya fito.

Abba Situdiyo: Wa alaikumus salam Kawu. Allah ya huci zuciyarka, amma ina da ja, don tukunyata ka taɓa. Shekara tara ke nan ina wannan aikin a Kawo, da shi na yi aure, da shi nake biyan haya. Gawa ba ta ciyar da mutum. A satin nan kaɗai na haɗa waƙar biki uku, ta yabon Annabi ɗaya, da ta wani mai neman kansila. In wannan mutuwa ce, to mamacin akwai ƙoƙari.

Kawu Ɗanlami: Ai ban ce kasuwa ta mutu ba, yaro. Waƙa na ce.

Malam Habu: Kawu, Allah ya ƙara girma, tambaya ɗaya zan yi. Sau nawa ka ga Alhaji Mamman Shata ido da ido?

Kawu Ɗanlami: Sau biyu. Ɗaya a nan Kaduna, ɗaya a Funtuwa.

Malam Habu: To duk sauran waƙoƙinsa da ka haddace, a ina ka ji su? A akwatin rediyo da kaset. Gidan rediyon Kaduna da aka kafa a 1962 zamanin Sardauna shi ya kai muryar makaɗanmu inda ƙafarsu ba ta taɓa takawa ba, har Nijar da Kamaru da Gana. Ɗanƙwairo makaɗin fada ne, ba don na'ura ba da sai wanda ya je fadar ne zai ji shi. Kafin nan ma akwai faifan garmaho, wanda fuskarsa ɗaya ba ta ɗaukar abin da ya wuce minti uku da 'yan kai, dole makaɗi ya datse waƙar da zai kwana yana yi a dandali. Shata ya rasu a 1999, Barmani Choge a 2013, Ɗanmaraya Jos a 2015, amma yau ɗalibaina na sakandare suna jin su a waya. Na'urar da kake tuhuma da kisa, ita ce ta adana maka su.

Kawu Ɗanlami: Malam Habu, ka iya magana, amma ka haɗa abu biyu da ba su haɗu ba. Rikoda ɗauka take yi. Abin da ka ba ta shi za ta mayar maka, in ka yi tari ma za ta ajiye. Ba ta ƙara wa mutum abin da Allah bai ba shi ba. Ita kuwa ta su Abba, ko agwagwa ka shigar ɗakin nan za ta fito da zaƙin murya. Shata a tsaye yake ƙirƙira, a gaban jama'a, ya ga mutum ya shigo nan take ya saka shi a baiti, 'yan amshi su cafe. Wa zai iya wannan yanzu? A ɗauke wuta a wurin biki ka ga yadda mawaƙin zai tsaya yana motsa baki.

Anti Ladi: Wannan kam na gani da idona a wata dina a Barnawa. Janareta ya mutu, mawaƙi ya yi tsuru-tsuru riƙe da makirfo, sai da kunya ta kama ni.

Abba Situdiyo: Ba zan musa ba, akwai irinsu. Amma bari in faɗa muku abin da manhajar nan take yi. Auto-Tune sunanta, tun 1997 take, kuma ba don Bahaushe aka yi ta ba, duk duniya ana amfani da ita. Aikinta ta jawo murya ta dawo kan layi in ta kauce. In an murɗa ta da yawa ne take ba da wannan sautin hancin da Kawu ya ji, kuma wallahi sau da yawa mai waƙar ne ke cewa a ƙara. Amma ba ta rubuta baiti, ba ta san ƙafiya ba, ba ta san habaici ba. Wanda kansa ba komai, ko kwana ya yi a wurina, abin da zai fito ba komai ne mai daɗin sauti. Kuma ai muna da masu yi da ilimi. Ku saurari Aminu Ala ku gaya mini ko fiyano ya rage wa kalmominsa nauyi.

Malam Habu: A nan kuma zan koma bayan Kawu kaɗan. Hausa harshe ne mai karin sauti. Kukan yaro daban, kukar miya daban, hawa da saukar murya ne ke raba su. Shi ya sa kalangu ke magana: makaɗi na matse tsarkiya a hammata yana saki, fata na bin hawa da saukar kalma, har mahauci ya ji takensa daga nesa ya san da shi ake. A da kalma ce ke gaba, kiɗa na bin ta. Yanzu sai a fara haɗa kiɗa a kwamfuta, a ba yaro ya je ya nemo kalmomin da za su shiga ciki. In kalma ta ƙi shiga sai a lanƙwasa ta. Shi ya sa za ka ji waƙa da Hausa amma sai ka kasa kunne sau biyu kafin ka gane me aka ce. Wannan rashi ne na gaske, ko da ban kira shi mutuwa ba.

Maman Iman: Ku bari in ba ku dariya. Bikin ƙanwata bara, muka ba wani situdiyo kuɗi a yi mata waƙa, ba zan faɗi wurin ba. Aka kawo, muka sa a wurin kamu, baiti na farko lafiya, na biyu lafiya, a na uku sai muka ji ana yabon wata amarya daban da dangin mijinta. Ashe waƙa ɗaya ce suke sayar wa kowa, suna kawai ake cirewa a sa wani, a nan suka manta. Gwaggonmu ta ce dama ta faɗa a kira masu kiɗan ƙwarya.

Abba Situdiyo: Ba ni ba ne dai, Hajiya.

Maman Iman: Ban ce kai ne ba, amma ka yi saurin karewa. Duk da haka ni ban yarda da Kawu ba. Ku maza kuna maganar dandali, mu da yawanmu ba a bar mu mun je dandalin ba. Waya ce ta kawo mana waƙa har ɗaki. Ku tuna lokacin kullen korona a 2020, yadda waƙar Hamisu Breaker ta zagaye gidaje, matan aure na yi wa mazajensu rawa a falo ana ɗorawa, malamai na ta faɗa. Ko ka so abin ko ka ƙi, ba za ka ce waƙar da ta tayar da wannan ƙura matacciya ce ba.

Nura Caji: Ni kuma ta ɓangaren kasuwa zan yi magana, don a kaina abin ya faru. Yayana kaset da sidi yake sayarwa a Kasuwar Barci, mu masu tura waƙa a memori muka zo muka karya shi. Na kafa tebur a Rigasa da kwamfuta, mutum ya kawo waya in cika masa waƙoƙi da finafinai. Mawaƙa na zaginmu wai ɓarayin fasaha, amma su da kansu suke aiko mana da sabuwar waƙa a ɓoye don ta yaɗu. Sai Xender ta zo, manhajar tura abu daga waya zuwa waya ba data, mutum ɗaya ya saya ya raba wa unguwa kyauta. Sai YouTube da TikTok. Rabon da in ga layi a teburina tun ƙarshen 2021 da aka katse layukan waya a wasu sassan jihar nan saboda 'yan bindiga. Da aka ƙara kuɗin data da kashi 50 cikin ɗari a farkon 2025 wasu sun ɗan dawo, amma yanzu cajin waya da POS ne ke riƙe da ni. Kowa ya ci zamaninsa, wani ya zo ya ci shi.

Garba Ɗan Makaɗa: Tun ɗazu ina karantawa, ina kan hanya da fasinja ne. Kawu, Malam, ku yi haƙuri, duk kuna maganar mai waƙa ne, ba wanda ya tuna da na bayansa. Mahaifina kalangu ya kaɗa har ya bar duniya, kakana ma haka. In an kira biki, mutum bakwai ko takwas ke tafiya: masu kalangu, mai kuntukuru, 'yan amshi, sanƙira. Abin da aka liƙa a raba, kowa ya kai gida. Yau aikin mutum takwas ɗin nan yatsa goma na Abba ke yi. Waƙa ba ta mutu ba, ga ta nan ta cika gari har ta ishi mutane. Mu ne aka sallama. Ni da na gaji tsarkiya, Keke Napep nake ja daga Kasuwa zuwa Kawo. Ɗana ko riƙe makaɗi bai iya ba, kuma ban ga dalilin koya masa ba.

Kawu Ɗanlami: Allah ya jiƙan mahaifinka, Garba. Na san shi, hannunsa akwai zaƙi. Ai maganata ke nan.

Garba Ɗan Makaɗa: Amin Kawu, amma ba maganarka ba ce. Kai kunnenka kake wa kuka, ni cikina. Bari in ƙarasa. Shekarun baya wani mai situdiyo ya kira ni, na kaɗa masa kalangu na kusan awa ɗaya, ya ba ni kuɗin da bai wuce na cefanen kwana biyu ba, na yi godiya. Ashe yankawa ya yi gunduwa-gunduwa ya adana. Daga baya ina cikin Keke sai in ji hannuna a waƙar wani, gobe a ta wani. Hannuna ne, na san shi kamar yadda uwa ta san kukan ɗanta. Sau ɗaya aka biya ni, shi kuma yana ta aiki ba ni.

Malam Habu: Wannan ita ce maganar da ya kamata mu fara da ita. Akwai sabuwar dokar haƙƙin mallaka da aka sa wa hannu a 2023, kuma ta san da haƙƙin wanda ya yi wasa, ba mai rubutu kaɗai ba. Amma Garba, kun yi takarda?

Garba Ɗan Makaɗa: Wace takarda, Malam? Hannu muka yi.

Abba Situdiyo: Yaya Garba, jikina ya yi sanyi, don ni ma ina da irin waɗannan sautukan a kwamfutata, wani ne ya tura mini, ban taɓa tambayar hannun wa ne ba. Amma kada ku ɗauka mu muke kwashe kuɗin. YouTube ba ta fara biyan kuɗin talla sai kana da mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo a shekara, kuma kallon da aka yi daga Najeriya kuɗinsa bai kai na wanda aka yi daga Amurka ko Ingila ba. Spotify, manhajar sauraron waƙa, sai 2021 ta shigo ƙasar nan, mutanenmu nawa ke biya duk wata? Mawaƙi na ɗora waƙa ne don a san shi, abincinsa na wurin biki da 'yan siyasa. Wato har yau ubangida ake nema kamar zamanin fada, sai dai yanzu sai ka fara biya wa kamfanin waya kuɗin data kafin ubangidan ya ji ka.

Anti Ladi: Kuma TikTok ta ƙara lalata ku. Yarana ba su san waƙa daga farko zuwa ƙarshe ba, guntun da ake rawa da shi kawai suka sani.

Abba Situdiyo: Gaskiya ne Anti. Yanzu mawaƙi na shigowa zai ce mini a fara da amshi, kada a ja shimfiɗa, don in daƙiƙa goma ta wuce ba a kama mutum ba ya shafa ya wuce. Da a kan buɗe da sunan Allah da salati kafin a shiga zance, yanzu wasu na cewa a mayar da shi ƙarshe. Ni ma kuma nawa na tafe. Manhajojin ƙirƙirarriyar basira irin su Suno, rubutu kawai za ka ba su su fito maka da kiɗa da murya. Hausarsu na da gargada tukuna, amma wani abokin cinikina ya riga ya ce me zai sa ya biya ni.

Nura Caji: Barka da zuwa layinmu, Abba. Akwai wuri kusa da teburina.

Kawu Ɗanlami: To kun gani. Ta cinye Garba, ta cinye Nura, ga ta ta buɗe baki kan Abba, amma ni da na ce ta yi kisa kun taru a kaina.

Maman Iman: Kawu, ka ce ta kashe waƙa ne. Su kuma mutane suke lissafa maka.

Kawu Ɗanlami: Waƙar wa ke yin ta in ba mutane ba? Ni ban janye ba.

Abba Situdiyo: Yaya Garba, kalangun na nan?

Garba Ɗan Makaɗa: Yana rataye a ɗaki. Fatar ta saki, sai an sake ɗauri.

Abba Situdiyo: A ɗaure. Ina da waƙar biki ranar Asabar, uwar amarya 'yar Katsina ce, ta ce tana son kiɗa na gaske a ciki. Ka zo da safe kafin a ɗauke wuta.

Garba Ɗan Makaɗa: Zan zo, amma da sharaɗi. Na waƙar nan kaɗai zan kaɗa, in ka sa a wata sai ka sake biya. Kuma Malam Habu ne zai rubuta mana takardar.

Malam Habu: Na karɓa. Kawu ne shaida.

Kawu Ɗanlami: Zan zo in sa hannu. Amma Abba, in ka kuskura ka sa wa kalangun nan abin toshe hancin nan naka, a gabanka zan yaga takardar.