Neman kalmar Hausa: me za mu kira "gear balance" a faɗan 'yan gem?

Tafinta: Assalamu alaikum 'yan uwa. Gobe bayan Azahar za a naɗi muryar bidiyon koyar da sababbin 'yan gem ɗin Albion Online, kuma rubutun yana hannuna. Kashi na uku kacokan a kan "gear balance" yake, wato dabarun da masu gem ke bi don kada mai tsadar kaya ya riƙa tattake mai arha a faɗan ɗan wasa da ɗan wasa. Faɗan kansa na sa masa "fito-na-fito". "Gear balance" ɗin ce ta tsaya mini. A baki za a faɗe ta, kuma za ta yi ta maimaituwa, don haka gajera nake so wadda ba ta sarƙe harshe.

Ɗan Baka: Wa alaikumus salam. Daidaiton kayan yaƙi. An wuce wurin.

Mai Warkarwa: Ba a wuce ba, ɗan'uwa. Duk wanda ya ji "daidaito" zai ɗauka kayan kowa ɗaya ne, kuma ba haka Albion take yi ba. Makami na gama-gari a mataki na 4 ƙarfinsa 700 ne, kowane mataki yana ƙara 100, har na 8 ya kai 1100. Lambar da ke bayan ɗigo a matakin kaya, kamar 1 a 4.1, ita ma kowace ɗaya 100 take ƙarawa, shi ya sa 4.1 da 5.0 suke kai ɗaya, 8.4 kuma ya kai 1500 tun kafin a lissafa ingancin ƙira da ƙwarewar da mutum ya tara a kan makamin. Abin da suke yi a wurare irin su Corrupted Dungeons, inda ake fito-na-fito mutum ɗaya da ɗaya, shi ne su yanka iyaka, abin da ya haura ta sai a ƙirga masa wani kaso kawai. A ce, don misali, iyakar 1000 ce kuma kason 20 cikin 100. Mai 1500 zai shiga da 1100, mai 1000 yana nan a 1000. Tazarar 500 ta koma 100. Mai kuɗi har yanzu yana gaba, an dai rage masa gudu.

Malamin Nahawu: To matsalar siffar kalmar ce. "Daidaito" hali ne da aka riga aka kai, "daidaitawa" kuwa aiki ne da ake kan yi. Ku tuna kuma -wa tana faɗuwa idan karɓau ya biyo baya: "daidaita kaya" ake cewa, ba "daidaitawa kaya" ba. Tafinta, ɗauki "daidaita ƙarfin kaya". Ƙarfin ake taɓawa, kayan suna nan yadda suke.

Yaro Mai Data: Malam, wallahi a gari babu mai faɗin haka. Kowa "giya" yake cewa. Balans ɗin giya kawai.

Ɗan Baka: Ka sa "giya" a bidiyon da yara za su kalla a falo, ka ga abin da iyaye za su yi wa wayar. Wanda bai ɗauka barasa ba ce zai ɗauka ta mota ce.

Sarkin Ɗamara: Duk kun bar kalmar tana kallonku. Ɗamara. Wanda zai shiga fage ɗamara yake ci, kuma a bakin Bahaushe ta wuce abin ɗaure ƙugu, ta ɗauke shirin faɗa gaba ɗayansa. A gem gurabe ne: hula, riga, takalmi, makami, abin hannun hagu, alkyabba, jaka, abinci, kwalbar magani. "Kayan yaƙi" ba ta tuna wa mutum da abinci da magani ba, "makamai" kuma ta bar riga da takalmi a waje. Ɗamara ta kwashe duka. Na kawo awon ɗamara. Gaɓa biyar, tana zama a baki, kuma tamu ce tun daga tushe.

Mai Warkarwa: Tana da daɗi, Yallabai, amma "awo" aunawa ne kawai. Lambar nan ta 700 ko 1500 ita ce awon ɗamara. Idan ka ba ta wannan aikin na yarda nan take. Gyaran da ake yi bayan an auna shi muke nema wa suna.

Sarkin Ɗamara: Mai awon hatsi idan ya auna ya ga mudu ya yi tozo, ba ya sharewa? Awo da gyara tare suke tafiya.

Tsohon Tanki: Kafin a yi nisa, ba abu ɗaya ake kira da wannan sunan ba, kuma ko World of Warcraft, wani gem ɗin daban, ta gwada kusan kowace hanya. A 2007, zamanin zubinta mai suna Burning Crusade, sun ƙirƙiro wata lamba ta musamman a kan kayan fito-na-fito wadda ke rage illar mugun bugu. Sakamakon shi ne sabon shiga sai ya sha duka na makonni kafin ya tara makin sayen kayan da za su hana shi shan dukan. A 2014, zamanin Warlords of Draenor, sai suka sa kayan fito-na-fito su riƙa ƙara daraja da kansu da zarar an shiga faɗa da mutum, su sauka idan an koma kan dodanni. A 2016, zamanin Legion, suka ajiye lambobin da ke jikin kaya gefe, suka ba kowane fanni lambobin da kamfani ya tsara, darajar kaya kuma kowane maki ɗaya yana ƙara kashi 0.1 cikin 100 kacal. Wanda ya fi ka da maki 25 ya fi ka da kashi 2.5 ke nan. 'Yan wasa suka yi ta ƙorafi cewa an ƙwace musu zaɓi, ba ka da ikon cewa sauri kake so ko ƙarfin bugu. A 2018 aka cire wannan aka koma gyara a ɓoye, har lambar da mai duka ke gani ta bambanta da wadda wanda aka daka ke gani, kuma babu mai iya lissafa ko sabuwar rigarsa ta ƙare shi da wani abu. Guild Wars 2 kuwa, ita ma wani gem ce, tun 2012 ta raba gardama a filin gasarta: kowa mataki na 80, ka zaɓi laya ɗaya daga jeri ita ce lambobinka, rigar da ka sha wuya a kanta ado ce kawai. Kalmar da za a zaɓa dole ta iya rufe duka waɗannan, sannan kowanne ya samu ƙaramin sunansa.

Tafinta: Wannan ya taimaka ƙwarai. Irin na Guild Wars 2 zan ce "kaya bai ɗaya". Akwai mai ja?

Malamin Nahawu: Babu. A nan ne ma "daidaito" take da gurbi.

Ɗan Baka: Ko kunnen doki.

Tsohon Tanki: Kunnen doki sakamako ne, an kara ba wanda ya ci. Ana iya shiga da kaya iri ɗaya a yi wa mutum cin kaca cikin daƙiƙa goma.

Sarkin Ɗamara: Ɗamara bai ɗaya. Kun ga ta sake zama daram.

Ɗan Maraɗi: Salamu alaikum. Ni ina bayan ɗamara. Nan wajenmu kokowa ita ce wasan ƙasa, takobi ake ba wanda ya lashe, kuma ba yaron da bai san ɗan kokowa da ɗamara tai da layu nai ba. Amma ku lura, bidiyon ga ba Kano kaɗai za a kalle shi ba. Yaranmu da Faransanci suke buga gem, "balans" ba ta gaya musu komi. Kullum in an zo wanga zance sai a ɗauko Ingilishi a lanƙwasa a ce Hausa ce, mu kuma a bar mu da ido.

Yaro Mai Data: Yaya, ai ku ma Faransancin kuke lanƙwasawa. Mu aro, ku aro.

Baban Ɗalibai: Abin da ke damuna ke nan. Harshen da ke da lifidi da sulke da kwalkwali da garkuwa da kwari da baka, wai yau shi ne ke rancen sunan kayan faɗa. Dawakin Kano da Katsina da Gobir da me aka yi musu shiri? Ni "mizanin lifidi" nake gani. Ko ba komai yaro ya tambayi mene ne lifidi, ya ƙaru.

Malamin Nahawu: Baba, da girmanka, mizani Balarabiya ce. Idan aro laifi ne, ita ma ta shiga sahu. Lifidi kuma rigar auduga ce mai kauri ta doki da mahayinsa. Mai sandar wuta da ke sanye da rigar yadi fa, ina lifidinsa?

Baban Ɗalibai: Aron da ya shekara ɗaruruwa a gida ya zama ɗan gida. Kada ka haɗa mini shi da "balans".

Ɗan Maraɗi: Kuma wa ya ce sai abin da Kano ta yarda da shi ne Hausa? In munka ce "kokowa" ku gyara muna zuwa "kokawa".

Malamin Nahawu: Ba wanda ya gyara maka, ɗan'uwa. Daidaitacciyar Hausa don rubutu aka yi ta, ba don a raina karin kowa ba.

Yaro Mai Data: Tunda "daidaita" ake so, a ce A Daidaita Sahu mana, kowa ya hau keke ya tafi gida 😂

Mai Warkarwa: Jama'a, mutumin nan gobe zai shiga naɗi. Tafinta, akwai jimla ɗaya da ya kamata ta fito sarai a rubutun, ko da wace kalma ka tsaya. Fifikon kaya ninkuwa yake yi. Wanda ya fi ka ƙarfin bugu da kashi 10 cikin 100, ya kuma fi ka jini da kashi 10, bai fi ka da 10 ba, kuma ya wuce 20: 1.1 sau 1.1 ya ba da 1.21. Idan kashi 30 ne a kowane ɓangare, 1.69 ke nan, ya kusa zama mutum biyu. Ga warkarwarsa ita ma ta fi taka. Shi ya sa tazarar da ke kama da ƙarama a allon kaya take zama kisa cikin zagayen bugu ɗaya. Wannan tazarar tana buƙatar suna nata, domin ita ce cutar, sauran duk magani ne. Ni "rinjayen kaya" nake ce mata.

Tsohon Tanki: Rinjaye ya fi dacewa da abin da ke faruwa a fage, tazara ta fi dacewa da lamba. "Tazarar kaya ta kai 300, shi ya sa ya samu rinjaye." A bar su duka biyu. A kuma gaya wa masu kallo dalilin da ya hana Albion yin kaya bai ɗaya. Kusan duk abin da ake sawa 'yan wasa ne ke ƙera shi, kuma a jan yanki da baƙin yanki, wato yankuna mafi haɗari a taswirar gem ɗin, wanda aka kashe ana kwashe kayansa, wani kaso kuma ya lalace. Wannan asarar ce ke riƙe da kasuwa. Ranar da 4.1 ya yi daidai da 8.4 a ko'ina, maƙera da masu sarar itace da masu haƙar ƙarfe sun tashi aiki. Abin da ke rage zalunci a can shi ne tsoron asara: mai 8.4 ya san mutum biyar masu arhar kaya za su iya taruwa su tuɓe shi.

Tafinta: To iyakar nan mai barin wani kaso ya wuce, da wadda ke yankewa ƙaf, me za a ce musu?

Ɗan Baka: Linzami ga ta farko, tana rage gudu ba ta tsayarwa. Ta biyu shinge.

Malamin Nahawu: Linzami juya doki yake yi, har ya tsayar da shi cak. "Iyaka mai sassauci" da "iyaka yankakkiya" sun fi fito da ma'ana.

Yaro Mai Data: Malam, kafin a gama faɗin "iyaka mai sassauci" an kashe mutum an kwashe kayan.

Sarkin Ɗamara: Sassauta ɗamara. Tsuke ɗamara. Ga su nan kyauta, amma na san ba za a ɗauka ba tunda ba daga jami'a suka fito ba.

Mai Warkarwa: Yallabai, "tsuke ɗamara" ƙara shiri ne a kunnen kowa. Kishiyar abin da ake nufi za a ji.

Tafinta: Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Ga yadda zan shiga da shi. Kan magana: "daidaita ƙarfin kaya". Bambancin lamba: "tazarar kaya". Irin na Guild Wars 2: "kaya bai ɗaya". Lambar ƙarfin kuma zan ce "awon ɗamara" a karon farko tare da bayani, in ga ko masu kallo za su ɗauka. Iyakar nan zan yi mata bayani da lissafin Mai Warkarwa, ba zan raɗa mata suna ba tukuna.

Sarkin Ɗamara: An ba ni lamba an hana ni kan magana. Ba komai. Ka dai faɗe ta da ɗ mai ƙugiya, kada mai karatu ya ce "damara".

Baban Ɗalibai: "Kaya" dai. Kayan miya, kayan gini, kayan yaƙi, duk kaya. Ban gamsu ba, amma ta fi "giya".

Ɗan Maraɗi: In kun ɗora bidiyon ku turo muna. Kashi na huɗu in kan ƙungiyoyin yaƙi ne, kada wanda ya ce "gil" (wato "guild" ta Ingilishi), akwai runduna.

Ɗan Baka: Runduna ta yi yawa ga mutum ashirin. Wannan a buɗe masa zaren kansa.