Shin ɗa zai iya girmar mahaifinsa a labarin tafiya sararin samaniya?

Marubuciya daga Gusau:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar masana da makaranta a kan wani ƙagaggen labari da na daɗe ina rubutawa, wanda ya tsaya mini cik a babi na tara. Jarumin labarin matashi ne ɗan shekara 25, mai gyaran rediyo a bakin kasuwa, bai cika shekara da aure ba, matarsa kuma tana da ciki wata bakwai. A wani dare na hunturun 1970 wasu halittu daga wata duniya suka ɗauke shi a kumbonsu, suka kai shi wurinsu, daga baya suka dawo da shi. Abin da nake so shi ne a lissafinsa ya zama shekara huɗu kacal ya yi, amma da ya sauko sai ya tarar shekara 40 sun shuɗe, cikin da ya bari ya zama magidanci mai furfura wanda ya girme shi da sama da shekara goma.

Na ba wata ƙawata ta karanta, sai ta ce mini wannan tatsuniya ce kawai, domin lokaci ɗaya ne ga kowa, kuma masu karanta labaran kimiyya ba za su yafe mini ba idan na gina littafi a kan abin da ba shi da tushe. Maganarta ta dame ni ƙwarai. Tambayata biyu ce. Ta farko, shin akwai hujja a ilimi da za ta sa mutum ya yi shekara huɗu alhali iyalinsa sun yi 40? Ta biyu, ina so a ƙarshe halittun nan su tausaya masa su mayar da shi daren da suka ɗauke shi, domin ya reni ɗansa da hannunsa. Shin wannan ma zai karɓu?

Malamin Fizik:

Wa alaikumus salam, Malama. A tambayarki ta farko gaskiya tana wajenki, ba wajen ƙawarki ba. Tun a 1905 Albert Einstein ya nuna cewa agogon da ke tafiya da gudu yana jinkiri idan aka gwada shi da agogon da aka bari a gida, kuma jikin mutum ma agogo ne, domin bugun zuciyarsa da tsufansa duk suna bin wannan ƙa'ida. Dalilin da ya sa ba ma lura shi ne jinkirin ba ya girma sai gudun ya kusanci gudun haske, wato kimanin kilomita 300,000 a daƙiƙa ɗaya. An kuma gwada abin a aikace. A 1971 wasu masana biyu a Amurka, Hafele da Keating, sun ɗora agoguna masu tsananin daidaito a jiragen fasinja suka zagaya duniya da su, da suka dawo sai agogunan suka saɓa da na ƙasa daidai gwargwadon abin da lissafi ya hango. Taurarin ɗan'adam na GPS da wayoyinmu ke dogaro da su ma dole ake gyara lissafin agogunansu saboda irin wannan saɓani, in ba haka ba da taswira ta riƙa ɓatar da mutane.

Ga lissafin da ya dace da labarinki. Idan kumbon yana gudun kashi 99.5 cikin ɗari na gudun haske, kowace shekara ɗaya a cikinsa daidai take da kimanin shekara goma a nan. Saboda haka ki sanya duniyar halittun a nisan da haske ke yi cikin shekara 20. Zuwa zai ci shekara 20 a lissafin matarsa, biyu a lissafinsa, dawowa ma haka, kin ga 40 da huɗu sun fito ba tare da kin tilasta su ba.

Sai dai akwai sharaɗin da marubuta da yawa ke mantawa da shi, kuma zai taɓa tsarin babukanki. Wannan bambanci a kan hanya yake samuwa. Da zarar ya sauka a duniyarsu, kwanansa da kwanan iyalinsa za su koma tafiya kusan kafaɗa da kafaɗa, don haka ba zai yiwu ya shafe shekaru a can yana yawon ganin gari ba sannan lissafin ya tsaya yadda kike so. Kusan dukkan shekaru huɗun a cikin kumbo zai yi su, a rufe, tare da halittun da bai san harshensu ba. A ganina wannan alheri ne ga labarin, domin a nan ne za ki nuna yadda ya koyi maganarsu, da yadda yake ƙirga kwanaki a wurin da babu fitowar rana balle faɗuwarta, da yadda zai san lokacin salla da shigowar azumi. Ba ƙaramar tambaya ba ce, har a zahiri ta taso a 2007 lokacin da wani likita ɗan Malesiya, Sheikh Muszaphar Shukor, ya je tashar sararin samaniya cikin watan Ramadan, inda rana ke fitowa sau 16 a yini ɗaya, sai da malaman ƙasarsa suka rubuta masa jagora.

Abin da ilimi bai ba mu ba shi ne kumbon kansa. Kumbon Voyager 1 da aka harba a 1977 yana gudun kimanin kilomita 17 ne a daƙiƙa, kuma da irin wannan tafiya sai ya yi sama da shekara 70,000 kafin ya ci nisan tauraro mafi kusa da rana, wanda haske ke isa cikin shekara huɗu da ɗoriya. Amma wannan gurbi hakkin marubuci ne ya cike shi, tunda kumbon na baƙi ne.

Ɗalibi a Zariya:

Ina tare da Malam a duk abin da ya faɗa, kuma zan ɗora a kan tambaya ta biyu da bai taɓa ba. Yaya, ina roƙonki kada ki mayar da shi 1970. Tsallakawa gaba abu ne da aka auna, amma komawa baya babu wanda ya taɓa nuna shi ko da da ƙwayar zarra ɗaya, kuma yana jawo rikicin hankali da marubuta suka daɗe suna fama da shi. Idan ya koma daren da aka ɗauke shi ya zauna da matarsa, to magidancin nan ɗan shekara 40 da ya tashi ba uba, wanda muka gani da idonmu, ya yi kuka a gabanmu, ina ya tafi? An shafe shi kamar ba a taɓa yinsa ba, tare da 'ya'yansa. Jarumin zai zama ya kashe ɗa ɗaya domin ya reni wani.

Akwai kuma wata dabara da sana'ar jaruminki ta ba ki kyauta. An fara watsa shirye-shiryen rediyo ga jama'a a wajajen 1920, kuma igiyar rediyo da gudun haske take tafiya. Saƙon da ya bar duniya a 1930 zai isa wurin baƙinki a 1950, su kuma idan suka taso nan take za su iso a 1970. A zahiri irin wannan sauti yana raunana matuƙa kafin ya yi nisa haka, amma a labari ya isa ya zama dalilin zuwansu, ya kuma bayyana abin da ya sa mai gyaran rediyo suka nema ba sarki ko soja ba.

Marubuciya daga Gusau:

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara basira. Maganar rediyon nan ta buɗe mini ƙofar da ban san da ita ba. Amma ƙanena, zuciyata ba ta saki batun komawar ba tukuna. Tun 1895 da H. G. Wells ya rubuta labarin na'urar tafiya cikin lokaci marubuta ke kai mutane gaba su dawo da su, kuma duniya ta karɓa. Me ya sa ni za a hana ni? Ina jin tsoron masu karatuna su rufe littafin da baƙin ciki.

Tsohon Makaranci:

'Yata, babu mai hana ki, kuma kina da gaskiya cewa manyan marubuta sun yi hakan. Abin da yaron nan yake nufi, in na fahimce shi, shi ne littafi ɗaya ba ya ɗaukar doka biyu. Kin riga kin yi wa mai karatu alkawari cewa lissafinki na gaske ne, ya yarda ya bi ki babi takwas a kan haka, to idan kika karya dokar a shafin ƙarshe domin ki lallashe shi zai ji an yaudare shi.

Ni abin da ya fi ja hankalina shi ne ranar da ya sauko a 2010, kuma a nan nake ganin ya kamata ki zauna ki daɗe, domin na rayu cikin waɗannan shekaru. Mutumin da ya bar ƙasar nan a 1970 fam da sule da kwabo ne a aljihunsa, tunda naira ba ta zo ba sai a farkon 1973. Ki sa shi ya miƙa wa mai shayi sule, ki nuna mana fuskar mai shayin. Idan zai tsallaka titi ɓangaren da bai dace ba zai duba, domin a zamaninsa motoci ta hagu suke bi, sai a 1972 aka koma dama. Ya bar jihohi 12, zai tarar da 36, ya bar gwamnati a Legas, zai tarar da ita a Abuja. Sana'arsa kuma ta gyaran akwatin rediyo mai fitilu a ciki, zai ga yara suna sauraron labarai a waya ƙarama da ba ta kai tafin hannu ba. Duk wanda ya karanta Suratul Kahfi ya san nauyin da ke cikin mutum ya shiga kasuwa da kuɗin da aka daina karɓa. Wancan gaskiya ce daga Allah, naki kuma ƙage ne, ban haɗa su ba, amma zukatan masu karatunki sun riga sun san wannan yanayi. A zamaninmu ma an ga ɗan ƙaramin misali: ɗan sama jannati Sergei Krikalev ya tashi a watan Mayun 1991 yana ɗan Tarayyar Sobiyet, ya sauko a watan Maris na 1992 ƙasar da ta aika shi ta rushe.

Sannan matar. A mazhabar Malikiyya, matar da mijinta ya ɓata tana kai ƙara ga alƙali, a yanka mata shekara huɗu na jira, ta yi takaba, daga nan ta sami damar yin aure. Kin ga shekara huɗun da shi yake ƙirgawa a kumbo yana cewa bai daɗe ba, su ne adadin da shari'a ta ɗibar mata a farkon tafiyarsa. Mai yiwuwa ta auri wani, ta haifi wasu, ta yi jikoki, yanzu tana kusan 60 shi kuwa bai kai 30 ba. Da wane suna za ta kira shi? Ɗan kuma, da ya shigo zaure ya ga saurayi sa'an ƙaninsa, zai cire takalmi ya durƙusa ya ce Baba, ko kuwa uban ne jikinsa zai riga hankalinsa ya rusuna wa mai furfura? Ban taɓa karanta wannan gaisuwa a littafin kowace al'umma ba, kuma a Hausa ce za ta fi ciwo, saboda yadda muka ɗaure girma da shekaru.

Ki kuma sani ba ke kika fara taka wannan hanya da harshenmu ba. Umaru Dembo ya fitar da *Tauraruwa Mai Wutsiya* a 1969, shekarar da aka sauka a kan wata, mun kuma karanta shi muna yara da ɗoki. Ki neme shi ki ga yadda ya sarrafa Hausa wajen faɗin abubuwan da ba mu da sunansu.

Marubuciya daga Gusau:

Baba, na gode, Allah ya saka da alheri. Na cire babin komawa. Daren jiya na rubuta shigowar ɗan zaure har sau uku, kuma a duk ukun uban ne yake fara rusunawa kafin ya tuna ko shi wane ne. Malam, saura tambaya ɗaya gare ka. Idan matar ta aika saƙo ta gidan rediyo a shirin gaishe-gaishe shekara ɗaya bayan ɓatansa, a wane wuri a kan hanyar saƙon zai riske shi, yana tafiya ne ko yana dawowa?