Karonku na farko a kogon ruwa ku kaɗai: yaya ya kasance?

Ɗan Nutso ya rubuta:

Assalamu alaikum, malamaina da 'yan'uwana. Na daɗe da kammala horon nutso a kogo, kuma tun daga lokacin ban taɓa wuce inda hasken rana yake ƙarewa ba sai da abokin tafiya a gabana ko a bayana. Yanzu aiki ya ɗauke abokin nawa zuwa wata ƙasa, sai ga shi ina tunanin abin da a da ko sauraronsa ba na yi, wato in shiga ni kaɗai. Tukwanen iska biyu nake ratayawa a gefe, kowace da abin shaƙarta da ma'auninta, ina kuma da fitilu uku da zaren ko-ta-kwana. Ba izini nake nema ba, ba kuma ƙarfafa gwiwa ba. Ina roƙon waɗanda suka taɓa yi su faɗa mini yadda karon farko ya kasance, abin da ya sauya a jikinsu da tunaninsu, da abin da ya sa suka juya a inda suka juya. Waɗanda suka ƙi yi ma ina son jin dalilinsu.

Injiniya ya rubuta:

Wa alaikumus salam, ƙanena. Nawa karon farko a wani kogon maɓuɓɓuga na yi shi a arewacin Fulorida ta Amurka, inda ruwan yake tsayawa kusa da digiri 22 rani da damina, kuma na zaɓi hanyar da na sani sarai, wadda babban zarenta, wanda ake bi a shiga a fita, ba shi da rassa sai can ciki. Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne duhun da ke bayana. Idan kana tare da wani, hasken fitilarsa yana yawo a bango kusa da naka, idonka kuma yana karanta shi ba tare da ka sani ba: idan hasken ya tsaya cik ka san lafiya, idan ya yi ta kaɗawa da sauri ka san akwai matsala. A ranar babu wannan hasken, sai na ga ina waiwaye a kai a kai ina neman abin da na san ba ya nan.

Abu na biyu, kuma shi ne nake so ka fi riƙewa, lissafin iska ne. An koya mana ƙa'idar kashi uku: kashi ɗaya na shiga, ɗaya na fita, ɗaya na ajiya. Amma an gina wannan ƙa'ida ne a kan cewa akwai mutum na biyu. Ka ɗauka ma'aunin matsin iska na kowace tukunya yana nuna 210, ka juya a 140. Ka shaƙi 70 daga kowace, jimilla 140 ke nan ka kashe wajen shiga. Idan tukunya ɗaya ta lalace a daidai wurin juyawa, ɗayar tana da 140 cif, wato abin da zai fitar da kai ne kawai idan numfashinka bai ƙaru ba ko kaɗan. To wane ne tukunyarsa za ta fashe da kumfa a cikin duhu numfashinsa bai ƙaru ba? Saboda haka na tsara in juya bayan kashi ɗaya cikin shida, kuma a gaskiya ban ma kai nan ba. Na iso wani wuri da rufin ya yi ƙasa, wurin da na sha wucewa ba tare da na lura da shi ba, sai na ji zuciyata tana bugawa a kunnena. Babu abin da ya lalace, ma'aunai duka lafiya, amma na juya, kuma gudun ruwan maɓuɓɓugar ya taimaka ya turo ni waje cikin sauƙi. Har yau ina ganin juyawar nan ita ce mafi kyawun abin da na yi a wannan nutson.

Malamin Iyo ya rubuta:

Ɗana, tunda ka ce kana son jin ta bakin waɗanda suka ƙi, to ni ina cikinsu, kuma ba zan ɓoye maka ba cewa tambayarka ta tayar mini da hankali. Na taɓa ɗaure zarena a bakin kogo da niyyar shiga ni kaɗai, na kai inda haske ya fara dusashewa, sai na naɗe shi na fito, ban kuma sake gwadawa ba. Abin da ya dawo da ni tunani ɗaya ne: ana iya ninka kowane kaya gida biyu, tukunya da fitila da wuƙa da gilashin fuska, amma ba a ninka ƙwaƙwalwa. Mayen zurfi yana fara taɓa mutum tun wajen mita 30 idan iska ta yau da kullum yake shaƙa, kuma wanda ya kama shi ne na ƙarshe da zai gane ya kama shi. Haka iskar da muke fitarwa idan ta taru a jini saboda wahalar iyo, tana kawo ruɗewa da firgici kafin mutum ya ankara. A irin wannan hali abokin tafiya shi ne yake ganin ka bi kibiyar da ba ita ba cikin waɗanda ake maƙalawa a zare don nuna mafita, ya kama hannunka ya mayar da kai kan zare.

Sheck Exley, ƙwararren mai nutson kogo ɗan Amurka, ya bi diddigin mace-macen masu shiga kogo, ya fitar da ɗan littafinsa a 1979, kuma daga irin wannan nazarin ne aka samo ƙa'idojin da muke koyarwa: horo, zare marar yankewa har bakin kogo, ajiyar iska, iyakar zurfi, da fitilu uku. Shi kansa, da duk ƙwarewarsa, ya rasu a ramin Zacatón na Meksiko a 1994. Wani ƙwararren mai nutso, Dave Shaw, ya rasu a ramin Boesmansgat na Afirka ta Kudu a watan Janairun 2005, a zurfin kusan mita 270, yana ƙoƙarin ɗauko gawar Deon Dreyer, wani mai nutso da ya rasu a can tun da daɗewa, bayan zare ya harɗe shi a wurin da babu mai iya isa gare shi. Na san zurfin da kake nufin shiga ba zai kama ƙafar wannan ba, amma harɗewar zare a bayan tukunya, inda hannunka ba ya kaiwa, ba ta tambayar zurfi. Ƙungiyar horar da masu nutso ta GUE ba ta yarda da nutson mutum ɗaya ba sam, kuma wasu wuraren, kamar Peacock Springs na Fulorida, sun hana shi a dokarsu. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ka nemi sabon aboki, ko da zai ɗauke ka lokaci.

Mai Taswira ya rubuta:

Malam, ina girmama maganarka ƙwarai, kuma a manyan kogunan Fulorida da Meksiko ina bayanka. Sai dai ni a Birtaniya na koyi wannan aiki, inda lamarin ya sha bamban. A can yawancin nutson a ƙarshen busasshen kogo ake yinsa, a wurin da rufi ya sauko ya haɗu da ruwa, bayan mutum ya yi rarrafe da kayansa mai nisa. Ruwan yana da sanyi, hanyar tana da ƙunci, kuma da zarar mutum na farko ya wuce laka ta tashi, na biyu ba zai ga ko tafin hannunsa ba. Tun zamanin Graham Balcombe da Jack Sheppard, waɗanda suka fara wannan aiki a Swildon's Hole da Wookey Hole a shekarun 1930 kafin a kafa ƙungiyar masu nutson kogo ta ƙasar a 1946, an gane cewa a matsattsen wuri mutum na biyu yana iya zama abin da zai toshe maka hanyar fita. Rataya tukwane a gefe ma daga irin waɗannan kogunan ya samo asali.

Saboda haka nawa karon farko ba zaɓi ba ne, haka ake yi. Abokaina sun zauna a bakin ruwa, na shiga da zare a hannun hagu, kuma bayan 'yan mitoci fitilar kaina ba ta nuna komai sai jan ruwa. Abin da na koya a ranar shi ne yatsu suna iya zama idanu. Ina jin kowane ƙulli, ina jin inda zaren ya shige tsagin dutse da jikina ba zai bi ba, sai in miƙa hannu in lalubo faɗin hanyar kafin in matsa. Tsoro ya zo mini sau ɗaya, lokacin da na sauya abin shaƙa daga tukunyar dama zuwa ta hagu sai tsakuwa ta maƙale a cikinsa ya fara zubar da iska. Na koma na farkon, na rufe bakin tukunyar, na girgiza shi, na sake buɗewa a hankali, ya daidaita, sannan na juya na fito. Duk wannan da hannu ɗaya na yi shi, domin ɗayan bai saki zare ba. Ku tuna da ceton yaran nan goma sha biyu da kocinsu a kogon Tham Luang na Tailan a 2018: a sassan da ruwa ya cika, kowane mai nutso shi kaɗai ne da yaron da yake ɗauke da shi, cikin ruwan da ba a gani, kuma Rick Stanton da John Volanthen da suka fara gano yaran a wannan makaranta ta Birtaniya suka taso. Amma ka lura, ɗan'uwa Ɗan Nutso, su an horar da su ne tun farko a kan cewa babu mai cetonsu sai kansu. Kai an horar da kai a kan akwai aboki. Cike wannan giɓin yana buƙatar sabon horo, ba ƙarin tukunya kawai ba.

Hajiya Likita ta rubuta:

Ni a ɗaya daga rijiyoyin kogo na yankin Yukatan a Meksiko na yi nawa, kuma zan taƙaita a kan abu ɗaya da ya same ni. A can ruwan daɗi yana kwance a kan ruwan gishiri, kuma idan mutum ya ratsa inda suka haɗu sai komai ya dagule a ido kamar an shafa wa gilashi mai. Na saba da wannan. Abin da ban saba da shi ba shi ne hanyar gefe da ba a cika bi ba, inda kumfar numfashina ta riƙa bugun rufi tana kakkaɓo farar ƙasa a kaina. Ina shiga ruwa garau ne a gabana, da na waiwaya sai na tarar hanyar fita ta zama fari fat. Na sa yatsu na zagaye zaren, na tsaya ban motsa ba har numfashina ya lafa, sannan na bi shi a hankali har na taɓo alamar da na maƙala a mahaɗar, wadda na yi wa tsaga ta musamman domin in gane ta da taɓawa. Da ban sa wannan alamar ba, da kibiyoyin wasu zan dogara da su, kuma a kogunan da ke da ƙofofi da yawa kibiya tana iya nuna wata mafita da ba ita ka shigo ta ba.

A matsayina na ma'aikaciyar lafiya zan ƙara wannan, yayana: ciwon da ke biyo bayan saurin tasowa sau da yawa ba ya bayyana sai an fito, wani lokaci bayan sa'o'i. Mai nutso shi kaɗai yana iya fitowa lafiya, sannan kasala ko mutuwar gaɓa ta same shi a wurin da babu mai ba shi iskar oksijin ko kai shi asibiti.

Ɗan Nutso ya rubuta:

Na gode, Allah ya saka da alheri. Malam, maganarka ta shige ni, kuma ba zan yi gaggawa ba. Lissafin Injiniya ya nuna mini cewa tsarin iskar da nake da shi bai dace da mutum ɗaya ba, kuma zan nemi mai koyarwa in sake yin atisayen ɓatan zare da rufe bakin tukunya ido a rufe kafin in yanke shawara. Tambaya ɗaya ta rage mini: ku da kuka shiga ku kaɗai, me kuka bar wa na waje?

Injiniya ya rubuta:

Na bar mutum a bakin ruwa, ba a gida ba, kuma na ba shi takarda mai ɗauke da sunan hanyar da zan bi, iyakar inda zan tsaya, irin iskar da ke tukwanena, lokacin da zan fito, da lokacin da zai kira masu ceto idan bai gan ni ba, tare da lambarsu da ta cibiyar jinyar masu nutso mafi kusa. Na kuma gaya masa da kakkausar murya cewa ko me ya faru kada ya shigo nemana, domin shi ba shi da horon kogo, kuma masu shiga ba tare da horo ba suna cikin waɗanda kogo ya fi ci. Akwai tukunyar oksijin a mota, na nuna masa yadda ake buɗe ta da yadda ake sa wa mutum abin shaƙa. Sharaɗin da na ɗaura wa kaina shi ne ba zan kauce daga abin da ke cikin takardar ba ko da taku ɗaya, ko da na ga hanyar gefe a buɗe ruwanta garau, saboda idan aka zo nemana wannan takardar ce kaɗai za ta faɗa musu inda za su fara dubawa.